Gwajin gam kafin sa gashin ido: abin da yake kamawa da abin da yake wuce shi

A shagunan kwalliya masu liƙa gashin ido sili-sili, akwai hidimar da suke kira gwajin gam. Za a ce ki zo kwana ɗaya ko biyu kafin ranar aiki, a ɗiga miki gam kamar kan allura a bayan kunne ko a lanƙwasar gwiwar hannu, ko kuma a liƙa miki 'yan silin gashi a gefen ido, ki koma gida. In ba ki ga komai ba, sai a ce jikinki ya karɓa. Shagon da ya damu da yin wannan ya fi wanda bai ma san da zancen ba, wannan babu musu. Sai dai kalmar "jikinki ya karɓa" ta fi ƙarfin abin da gwajin zai iya nunawa, kuma mata da yawa sun kwanta a kan gadon shago da wannan tabbacin, suka wayi gari bayan kwana biyu ido ya kumbura suntum.

Kafin a auna gwajin, sai an san abin da ake gwadawa. Gashin kansa ba shi da laifi sosai. Yawancinsa zaren roba ne, ko da an rubuta masa sunan siliki ko gashin dabba a jikin kwali, kuma da wuya fata ta yi masa bori. Matsalar tana cikin 'yar ƙaramar kwalbar nan mai mililita 5 ko 10. Ki juya ta, za ki ga an rubuta "cyanoacrylate" a sahun farko na kayan haɗinta. Wannan sayanoakrilet ɗin shi ne dai sinadarin sufa gulu da ake liƙa takalmi da shi, wanda kamfanin Eastman Kodak na Amurka ya fara sayarwa a 1958, sai dai an tace shi an daidaita kaurinsa. Ana ƙara masa wani garin roba don ya yi kauri, da baƙin gawayi don ya yi launi, da ɗan abin da ke hana shi daskarewa cikin kwalba. Ba iska ce ke busar da shi ba, laima ce. Da ya haɗu da danshi sai ya sandare. Wannan hali nasa shi ne tushen kusan duk abin da ke faruwa da ido daga baya, domin kafin ya gama sandarewa yana fitar da tururi, tururin kuma danshi yake nema, ga ido da fatar ido da hanci su ne mafi danshi a kusa da shi.

Abin da mata ke kira "gam ya ƙi ni" kashi huɗu ne, kuma gwajin shago ɗaya kawai yake nema daga cikinsu.

Akwai ƙunar tururi. Wannan kowa na iya samu. Ido yana raɗaɗi tun ana kan aiki ko kuma da zarar an buɗe shi, hawaye na zuba, farin ido ya yi ja musamman daga ƙasa, domin nan ne tururi ke shiga idan idon bai rufu ruf ba. Washegari ya fara sauƙi, cikin kwana biyu ya wuce. Akwai kuma rauni: takardar nan mai sanyi da ake mannawa a ƙasan ido don danne gashin ƙasa, idan ta zame ta hau sama, gefenta yana gogar ƙwayar ido na tsawon awa biyu. Alamarsa ido ɗaya ne ke ciwo, kamar yashi ya shiga, haske yana damunsa. Akwai ƙwayar cuta, mai zuwa da kwantsa mai kauri ko hazbiya, yawanci daga hantsakin da ba a tsabtace ba ko daga tsoron wanke ido da mace ke yi don kada gashi ya zube.

Na huɗun shi ne alaji na gaske, wato garkuwar jiki ta ɗauki sinadarin a matsayin abokin gaba. Wannan ba irin borin jinin da ke tasowa nan take ba ne. Mai jinkiri ne. Mace za ta tashi daga gado lafiya lau, ta yi hoto, ta tafi gida. Bayan wasu awanni, ko washegari, ko ma rana ta uku, sai ƙaiƙayi ya fara a gindin gashin, fatar idon sama ta kumbura ta yi sheƙi, yawanci idanu biyun tare, ya fi tsanani da safe bayan an tashi daga barci. Maimakon ya ragu sai ya ƙaru muddin gam ɗin yana nan. Daga baya fatar ta bushe, ta riƙa ɓarewa kamar dusa. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, don haka mai jiran ganin ja kafin ta yarda alaji ne za ta makara. Abin dubawa shi ne kumburi, ƙaiƙayi, da fatar da ta ƙara duhu ko ta yi toka-toka.

A 2012 likitocin ido a Japan sun wallafa bayanin mata 107 da suka zo asibiti da matsalar ƙarin gashin ido. Cikinsu 64 kumburin ƙwayar ido ne saboda gam ko man cirewa ya shiga, 42 kuma alajin fatar ido ne daga gam. Da suka auna nau'in gam uku, duka sun sami sinadarin fomaldihaid mai tsokanar ido da fata a ciki. Wannan lissafin yana nuna cewa fiye da rabin matan ba alaji ne ya kai su asibiti ba, hannun mai aiki ne. Babu gwajin gam da zai kare mace daga wannan. Ƙasar ta Japan tun 2008 ta wajabta cewa sai mai lasisin kwalliya ce za ta yi wannan aiki.

To, gwajin ɗigo a bayan kunne. Shi ya fi yawa domin ya fi sauƙi, minti ɗaya an gama, kuma shi ne mafi rauni. Gam ɗin da ya taɓa fata mai danshi yana sandarewa cikin daƙiƙu kaɗan ya zama ɓawo, ruwan da zai ratsa fata ya tsokani garkuwar jiki kaɗan ne ƙwarai. Fatar bayan kunne da ta hannu kuma sun fi fatar ido kauri nesa ba kusa ba. Fatar ido ba ta kai milimita ɗaya ba, ita ce mafi siranta a jikin mutum. Saboda haka mace mai alaji tana iya tsallake gwajin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɗanyen gam yana iya ƙona fatar kowa, sai a ga tabo a bayan kunnen wadda ba ta da alaji a ce tana da shi. Abin da ya fi damuwa shi ne masu yin gam ɗin da kansu suna rubutawa cewa kada ya taɓa fata, kuma ɗora ɗanyen sinadari a kan fata yana daga cikin hanyoyin da jiki ke koyon ƙin abu. Gwajin da zai iya jawo abin da ake gudu, kuma bai cika kama shi ba idan yana nan, bai cancanci a biya masa kuɗi ba.

Gwajin silin gashi ya fi shi ma'ana, domin yana kwaikwayon aikin gaske. Ana kwantar da ke kamar ranar aiki, a sa takardar ƙasan ido da salatif da ruwan goge maiƙo, irin waɗanda za a yi amfani da su ranar, sannan a liƙa sili 8 zuwa 15 a kowane ido, gajeru daidai tsawon gashinki don kada a gane, a rarraba su daga tsakiya zuwa gefe. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa. Alfanunsa shi ne yana gwada duka kayan, ba gam kaɗai ba, domin wasu matan takardar ƙasan ido ko salatif ne ke tayar musu da fata. Idan shago yana yin wannan, yana kuma yin sa da kwalbar da za a yi miki aiki da ita, ya yi abin kirki.

Amma shi ma yana da iyaka guda uku, kuma shagon da ya san aikinsa zai faɗa miki su da bakinsa.

Ta farko, yawa. Gashin idon sama na mutum yana kai sili 90 zuwa 160 a ido ɗaya. Cikakken aiki yana nufin ɗigon gam sama da ɗari a kowane ido, da awa biyu ko uku kina kwance cikin tururinsa. Sili goma ɗanɗano ne kawai. Wadda alajinta bai yi ƙarfi ba za ta wuce gwaji, cikakken aiki ya kayar da ita.

Ta biyu, lokaci. Shaguna da yawa awa 24 suke bayarwa, alhali wannan nau'in alaji yana kai kololuwarsa ne tsakanin awa 48 da 72. Likitan fata idan zai yi nasa gwajin, yana liƙa sinadarin a gadon baya cikin 'yan ƙananan faifai, bayan an tsarma shi da man basilin zuwa ƙarfin da aka sani (na wannan gam kashi 10 cikin 100 ne), ya bar shi awa 48, ya cire ya duba, ya sake dubawa a rana ta uku ko ta huɗu, wani lokaci har ta bakwai. Hanya ce da wani likitan Jamus mai suna Josef Jadassohn ya fara tun 1895, kuma dalilin dubawa sau biyu shi ne sanin cewa amsar jiki tana makara. Gwajin shago da aka karanta washegari da safe an rufe littafi kafin a kai ga shafin da ake nema. Kwana uku cif ya kamata a jira.

Ta uku ita ce babba, kuma ita aka fi jahilta. Ba a haihuwar mutum da alajin gam. Jiki koyo yake yi. Karon farko da sinadarin ya ratsa fata, garkuwar jiki tana ɗaukar kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin ta haddace shi, idan ma za ta haddace. Wata a karo na biyu take kamuwa, wata sai ta shekara biyu ko uku tana zuwa ciko, wato a mayar mata da silin da suka zube, duk bayan mako uku lafiya, rana ɗaya ido ya kumbura, da gam ɗin nan dai da mai aikin nan dai. Ma'anar wannan ita ce, wadda ba ta taɓa sa gashin ido ba, kuma ba ta taɓa mu'amala da irin sinadarin ba, kusan dole ta ci gwaji, domin jikinta bai san shi ba tukuna. Gwajin yana iya gano wadda ta riga ta kamu. Ba ya iya faɗin wadda za ta kamu gobe. Shagunan kuma suna juya abin: sabuwar zuwa ake yi wa gwaji, tsohuwar kwastoma da ta fi kusa da kamuwa ba a ko tambayarta. Wadda ta fi buƙatar gwaji ita ce wadda ta taɓa sawa ta huta wata shida ko fiye, da wadda ta fara jin ɗan ƙaiƙayi bayan ciko na baya, da duk lokacin da shago ya canza gam. Ɗan ƙaiƙayin nan da ke zuwa kwana ɗaya bayan ciko ya tafi, ya dawo da ƙarfi a ciko na gaba, shi ne gargaɗin, kuma ya fi kowane gwaji faɗin gaskiya.

Don haka tambayoyin da ake yi kafin a buɗe kwalba sun fi gwajin kansa amfani. Mai aikin kirki za ta tambaye ki ko kin taɓa sawa kuma yaya aka ƙare, ko farcen roba da ake liƙawa da gam ya taɓa kumbura miki gefen yatsa, ko filasta na tayar miki da fata, ko safar hannu ta roba na sa ki ƙaiƙayi, ko kina da asma ko kircin fata ko bushewar ido, ko an yi miki aikin ido kwanan nan, ko kina sa gilashin nan na cikin ido. Za ta rubuta amsoshin a kati tare da sunan gam da ranar da aka buɗe shi. Mai apolo ko hazbiya ko fatar ido da ta riga ta tsage ba a yi mata aiki, ko nawa za ta biya. Shagon da ya ce ki kwanta kawai, ba tambaya ba kati, ko ya yi gwaji goma ki san na ganin ido ne.

Sai yanayin ɗaki, kuma nan ne garuruwan Arewa ke da matsalar da ba a rubuta ta a jikin kwalba ba. Yawancin gam an yi shi ne don laimar iska kashi 40 zuwa 70 cikin 100, da zafin da bai wuce maki 18 zuwa 24 ba. A hunturu, laimar Kano ko Katsina ko Zinder tana faɗuwa ƙasa da kashi 20 da rana. Gam ɗin da ya kamata ya kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu sai ya tsaya jiƙe, yana ta fitar da tururi, yana gangarowa zuwa gindin gashi, silin kusa da juna suna mannewa. Mai aiki ta ga ba ya kamawa sai ta ƙara gam, abin ya ninka. Idan aka kunna na'urar sanyaya ɗaki kuma, iskar ta ƙara bushewa. A watan Agusta abin juyawa yake: laima ta yi yawa, gam ya sandare tun kafin sili ya zauna, ya yi fari-fari, gashi ya zube cikin mako. A bazara, zafin maki 40 yana lalata kwalbar da aka bari a kan tebur. Wannan ya sa gwajin da aka yi a damina ba ya wakiltar aikin da aka yi a watan Janairu. Ki duba bangon shagon ko akwai 'yar na'urar auna laima da zafi, mai kamar ƙaramin agogon tebur, da tukunyar feshin laima a lokacin hunturu. Kayan ba su da tsada. Rashinsu yana nuna mai shagon ba ta san yadda gam ɗinta ke aiki ba.

Hannun mai aikin ma ana iya auna shi ko ido a rufe. Sili na roba ana ɗora shi a kan silin gashinki guda ɗaya tak, nesa da fata da rabin milimita zuwa milimita ɗaya. Gam bai kamata ya taɓa fata ba ko kaɗan. Idan kika ji sanyin ɗigo a fatar ido, ko tsini yana sukar ki idan kin ƙifta, an sa shi kusa da yawa. Bayan an gama, ƙaramin burushi ya kamata ya ratsa gashin daga gindi zuwa baki ba tare da ya sarƙe ba. In ya sarƙe, an haɗa sili biyu ko uku wuri ɗaya, kuma da yake kowane sili da saurin tsirowarsa, mai sauri zai tumɓuke mai jinkiri. Ɗigon gam da mai aiki ke zubawa a kan ɗan dutse tana tsoma sili a ciki ana sabunta shi duk minti 15 zuwa 25, a ajiye shi can gefe ba dab da hancinki ba. Kwalbar da aka buɗe ba ta wuce mako huɗu zuwa shida. Gam da ya fara jan zare kamar yauƙin kuɓewa ya mutu, kuma tsohon gam ya fi sabo tsokanar ido. Kada ki yi magana da yawa ko duba waya ana aiki, domin motsin fuska yana buɗe ido kaɗan ba ki sani ba. A ƙarshe a yi miki fifita da ƙaramar fanka na minti biyu zuwa uku kafin ki buɗe ido. Auduga kuma ba ta zuwa kusa da ɗanyen gam: haɗuwarsu tana fitar da zafi har da hayaƙi, tana iya ƙona fata.

Maganar kada ruwa ya taɓa ido na kwana ɗaya tana sa mata masu alwala cikin damuwa. Ruwan sanyi da aka shafa a hankali bayan gam ya kama ba ya narkar da shi, tunda laima ce ma ke sandarar da shi. Abin da ke lalata aikin shi ne tururin ruwan zafi a ranar farko, da mai, da murza ido da tawul. Wanke gindin gashin kullum da sabulun ido marar mai yana rage ragowar gam da datti, kuma rashin wankewar ne ke kawo kumburin gefen ido.

Idan mace ta yi alaji, abin da shaguna suka fi yi shi ne su ɗauko wata kwalba su ce wannan na masu laushin fata ne. A duba bayanta. Kusan duka sayanoakrilet ne, an dai canza ɗan uwansa mai ƙarancin tururi, mai jinkirin kamawa, mai saurin saki. Yana taimakon wadda tururi ke sa wa hawaye. Wadda garkuwar jikinta ta riga ta haddace sinadarin kuwa, yawanci za ta sake kumbura. Farin gam marar launi yana amfanar wadda baƙin launin ne matsalarta, su kuma 'yan kaɗan ne. Gam ɗin da ake busarwa da hasken fitila, wanda ya shigo kwanan nan, yawancinsa shi ma da sinadarin a ciki. Rubutun "babu fomaldihaid" yana nufin ba a zuba shi da gangan ba, amma da shi ake ƙera sayanoakrilet tun asali, kuma gam yana sakin kaɗan daga cikinsa idan yana ruɓewa. Shawarar a sha maganin alaji kafin a zo, ko a shafa man sitiroyid mai kwantar da kumburi duk bayan ciko don a ci gaba da sawa, shawara ce marar kyau: ɓoye alama ne alhali jiki na ƙara koyon ƙin abin. Alajin wannan gam idan ya zauna, yawanci ya zauna ke nan.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari a ƙananan shaguna, wato amfani da baƙin gam ɗin liƙa ƙarin gashin kai wajen manna gashin ido mai tsari guda ko mai gungu-gungu, kai tsaye a kan fata. Wannan gam ƙaron roba ne, kuma alajin ƙaron roba nau'in gaggawa ne, cikin mintuna: borin jini, kumburin fuska da leɓe, wani lokaci numfashi ya sarƙe. Ma'aikatan jinya da suka daɗe da safar roba, da waɗanda ayaba ko fiya ke sa wa ƙaiƙayin baki, su suka fi kusa da shi. Gwajin "ki je ki dawo jibi" ba shi da alaƙa da wannan. Gam ɗin kai ba na ido ba ne, shi ke nan. Haka rinin gira da gashin ido da wasu ke haɗawa da aikin: da yawansa yana ɗauke da PPD, sinadarin da ke cikin baƙin lalle da rinin gashi. Wadda baƙin lalle ya taɓa tayar wa da ƙuraje a hannu, kamar yadda ake gani a wurin amare daga Kano har Khartoum, kada ta bari a kai rini kusa da idonta. A Amurka a 1933 wani rinin gashin ido mai wannan sinadari ya makantar da mata, yana kuma cikin abubuwan da suka jawo dokar kayan kwalliya ta 1938 a can. Shi rini, gwajin bayan kunne na awa 48 yana da amfani a kansa, domin a kan fata ake sa shi kuma ba ya sandarewa kamar gam.

Inda ake gane shago na gaske shi ne ranar da kika kira kika ce ido ya kumbura. Amsar da ta dace ita ce ki zo a cire yau, ba "ki ba shi kwana biyu zai saba" ba. Ana cirewa da man cirewa mai kauri kamar kirim, ba mai ruwa-ruwa da ke gangarawa cikin ido ba, a shafa shi a mahaɗar gam, a jira minti uku zuwa biyar, a zare silin a hankali, a wanke sosai. Kada ki fizge da kanki, kada a kawo asiton na goge farce kusa da ido, man zaitun da man kwakwa kuma ba sa narkar da wannan gam da saurin da ake buƙata. Idan kumburin ya kai ido ba ya buɗuwa ko fatar ta tsage tana ruwa, likita za a fara gani kafin man cirewa ya taɓa wurin. Mai shago ba ta rubuta magani.

A gida, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi na minti goma, sau uku ko huɗu a rana, yana rage kumburi. Ƙwayar setirizin ko loratadin mai miligiram 10 sau ɗaya a rana tana rage ƙaiƙayi, amma ba ta kashe wannan nau'in alaji. Abin da ke kwantar da shi man sitiroyid ne marar ƙarfi na 'yan kwanaki, kuma likita ne zai zaɓa, domin sitiroyid a kusa da ido yana iya ɗaga matsin ruwan cikin ido ya kawo gilakoma, wato hawan jinin ido, ko yanar ido, ko ya sirantar da fata. Mayukan nan masu haɗin uku da ake saya a kemis don ƙuraje, da mayukan bilicin masu ɗauke da kilobetasol, ba su da wuri a fatar ido. Ɗigon kiloramfenikol maganin ƙwayar cuta ne, ba ya yi wa alaji komai. Kwalli, nonon mai shayarwa, ruwan sukari da sauran abin da maƙwabta ke kawowa, a ajiye su. Bayan an cire gashin, kumburi yakan sauka cikin 'yan kwanaki, fatar ta gama komawa daidai cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma duhun da sosawa ke bari a baƙar fata yana iya ɗaukar watanni, don haka a daure a bar sosa. Ciwo mai tsanani a cikin ƙwayar ido, gani ya dushe, kasa kallon haske, mugunya, ko kumburi mai zafi da zazzaɓi, waɗannan na asibitin ido ne a ranar, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na asibiti mafi kusa. Kumburin leɓe ko harshe ko sarƙewar numfashi kuwa ɗakin gaggawa ake nufa nan take.

Amare su suka fi shiga wannan tarko, domin ana barin gashin ido sai jajibirin kamu, bayan an gama dilka da halawa da lalle, lokacin da fatar fuska ta riga ta sha gurza. Aikin daren Alhamis, alajinsa ranar Asabar yake cika, daidai ranar dina. Wadda ta saba sawa lafiya, ta yi gwajin sili mako biyu kafin biki, cikakken aiki kuma kwana biyar kafin taron farko, don in abu ya taso a sami sararin cirewa. Wadda ba ta taɓa sawa ba, bikinta ba wurin gwaji ba ne. Gashin ido mai tsari guda da ake cirewa kowane dare, da gam ɗin ido marar ƙaron roba, yana ba da kyan hoto iri ɗaya, kuma in ya dame ta daƙiƙa biyar ta cire shi.

Wadda ta kumbura sau ɗaya kuma tana son ta san takamaiman abin da jikinta ya ƙi, ta nemi sashen fata na asibitin koyarwa ta tambayi gwajin liƙi na gadon baya. Ta tafi da hoton bayan kwalbar gam da na takardar ƙasan ido da duk abin da aka shafa mata, domin jerin sinadaran da ake gwadawa na yau da kullum ba ya ƙunshe da sayanoakrilet, sai an nemi shi musamman. Idan an tabbatar, ta riƙe sunan ta faɗa wa duk likitan da zai yi mata tiyata, saboda gam ɗin da ake rufe rauni da shi a maimakon ɗinki, irin su Dermabond da Histoacryl, daga dangin nan yake, haka ma gam ɗin liƙa farce.